Kowa ya san inda ta karkata, amma rumfunanta ba sa cika: nazarin wata unguwa a zangon Kumasi, 2016 zuwa 2024

## Unguwar

Unguwar tana gabashin birnin Kumasi na ƙasar Ghana, a jerin zangunan da suka haɗa da Aboabo, Asawase, Sawaba da Akwatia Line. A tsarin Hukumar Zaɓe yanki guda ce: asambuliman ɗaya, wato wakilin unguwa a majalisar gunduma, da rumfuna 'yan kaɗan da aka rarraba tsakanin harabar makarantar firamare, ƙofar masallacin Juma'a da wani fili kusa da famfo. Hausa ce harshen titi da na ciniki, ko da yake cikin gidaje ana jin Dagbani, Zabarmanci, Fulatanci da Mosanci, kuma da wuya a sami yaron da bai iya Twi ba. Yawancin gidajen na haya ne, ɗakuna jere kewaye da tsakar gida, kowane ɗaki da iyalinsa. Maza fatake ne na albasa, shanu da goro, ko direbobin manyan motoci, teloli, mahauta, makanikai a unguwar garejoji ta Suame Magazine, sai matasa masu pragya, wato keke mai ƙafa uku na haya. Mata suna babbar kasuwar Kejetia da kasuwar Aboabo, ko suna bakin tukunyar waakye (shinkafa da wake) da koko tun kafin kiran asuba.

Abu biyu ake aunawa a irin wannan wuri, kuma mutane suna yawan cuɗa su. Na farko karkata: cikin waɗanda suka kaɗa ƙuri'a, kashi nawa kowace jam'iyya ta samu. Na biyu fitowa: cikin sunayen da ke rajista, kashi nawa suka zo rumfa. Duka biyun suna cikin takardar sakamako mai launin ruwan hoda da wakilan 'yan takara ke sa wa hannu bayan ƙidaya. A wannan unguwa na farkon bai taɓa zama abin gardama ba. Na biyun ne matsalar.

## Tushen karkatar, 1954 zuwa 2005

Zangon Kumasi bai fara siyasarsa a inda yake yau ba. A 1954 jam'iyyar Musulmi ta MAP tana da ƙarfi a cikinsa, kuma ta haɗa kai da jam'iyyar NLM ta Asante wajen adawa da jam'iyyar CPP ta Kwame Nkrumah. A 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan daga ƙasar, a shekarar ne kuma MAP ta narke cikin jam'iyyar UP, haɗakar 'yan adawa, a daidai lokacin da ake haramta jam'iyyun addini da na ƙabila. Wato kakannin mutanen unguwar suna tare da gidan siyasar da jam'iyyar NPP, mai alamar giwa, ta gada.

Abin da ya juya al'amarin shi ne umarnin korar baƙi na 18 ga Nuwamba 1969, zamanin Firayim Minista Kofi Busia, wanda ya ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Gidaje da yawa a zango sun rabu a lokacin, an sayar da shaguna da rumfuna a wulaƙance, wasu da aka haifa a Kumasi suka bi iyayensu zuwa ƙasashen da ba su taɓa gani ba. Bayan dawowar mulkin farar hula a 1992, wannan tabo ya haɗu da farin jinin Jerry Rawlings, wanda a zamaninsa aka mai da ranakun Sallah biyu hutun ƙasa, zango ya shiga ƙarƙashin laima, alamar jam'iyyar NDC ta Rawlings. NPP ta yi ƙoƙarin gyarawa: ta kafa reshen Nasara domin mutanen zango, ta ɗauki Alhaji Aliu Mahama mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009. Duk da haka, da aka yanki mazaɓar Asawase a 2004, Dakta Gibril Adamu Mohammed na NDC ya ci, bayan rasuwarsa kuma Muntaka Mubarak ya ci zaɓen cike gurbi a 2005, kujerar ba ta sake barin hannun NDC ba. Wannan a yankin Ashanti ne mai kujeru 47, inda NDC ta sami 3 kacal a 2016, 4 a 2020.

## Disamba 2016: matsalar ta bayyana

Zaɓen 7 ga Disamba 2016 ya faɗo ranar Laraba. A faɗin ƙasa fitowa ta sauko daga kusan kashi 80 a 2012 zuwa ƙasa da kashi 70. John Mahama na NDC ya rasa ƙuri'u kimanin 800,000 idan aka kwatanta da 2012, Nana Akufo-Addo na NPP ya ci da sama da kashi 53.

A unguwar, layi ya yi tsawo daga ƙarfe 7 na safe, amma kafin azahar ya ƙare, ma'aikatan rumfa suka zauna suna jiran ƙarfe 5. Da aka tara takardun sakamako, karkata tana nan yadda aka saba, fitowa kuwa ta faɗi fiye da ta unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, waɗanda su ma zango ne, su ma masu laima ne.

Bayanin da ya yaɗu a majalisun shayi guda ne: mutane sun yi fushi. Dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya kashe wa teloli da masu walda aiki shekara da shekaru, kwatar unguwar na nan a buɗe, don haka mutane suka ce ba za su ba giwa ba, amma ba za su fita wa laima ba. Wani abu da ba a cika ambata ba shi ne hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Abu Ramadan, wanda ya ce katin inshorar lafiya ba shaidar zama ɗan ƙasa ba ne. A 2016 an goge sunaye sama da 56,000 na waɗanda suka yi rajista da shi. An ba su dama su sake yi, amma a unguwar akwai waɗanda ba su ji labari ba sai da suka iso gaban teburi aka duba babu sunansu.

## 2017 zuwa 2019: gangami, huɗuba da kuɗin mota

Tun da an ɗauka cewa fushi ne da sanyin jiki, maganin da aka nema na zaburarwa ne. Shugabannin rassan jam'iyyu suka ƙara taruka: lasifika a kan mota, riguna, jerin gwanon babura daga wannan majalisar matasa zuwa waccan. Dattawan masallaci suka roƙi liman ya riƙa sa maganar zaɓe a huɗuba, cewa ƙuri'a amana ce kuma shaida ce. Wasu 'yan siyasa suka ci gaba da abin da suka saba, wato damƙa wa jagoran matasa ambulan ya raba kuɗin mota, duk da cewa dokar zaɓe ta 1992 ta haramta saye da ciyarwa don ƙuri'a.

A gefe guda gwamnati ta kafa ma'aikatar raya zanguna a 2017 da Asusun Raya Zango, aka fara karatun sakandare kyauta a Satumbar shekarar. A ɗaya gefen tsoro ya ƙaru: rikicin zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Accra ranar 31 ga Janairu 2019, sai harbin da aka yi a ofishin NDC na yankin Ashanti a Fabrairu, wanda ya ci ran wani matashi. Majalisa ta yi dokar haramta ƙungiyoyin 'yan bangar siyasa a shekarar, amma iyaye mata da yawa sun riga sun yanke shawarar cewa ranar zaɓe ranar kulle yara a ɗaki ce.

Gwajin farko ya zo ranar 17 ga Disamba 2019, zaɓen asambuliman da kwamitocin unguwa. Irin wannan zaɓe ba a yin sa da tutar jam'iyya, kuma tun 2002 fitowarsa a faɗin ƙasa ba ta kai kashi 40 ba. An shirya haɗa shi da ƙuri'ar raba gardama kan shigar jam'iyyu zaɓen ƙananan hukumomi, sai shugaban ƙasa ya soke raba gardamar a farkon watan. A unguwar mutane da dama sun fahimci cewa zaɓen gaba ɗaya aka soke. Taruka sun cika, masallaci ya cika, rumfuna ba su cika ba.

## 2020: shekarar da ta rufe matsalar

Hukumar Zaɓe ƙarƙashin Jean Mensa ta yi sabuwar rajista daga 30 ga Yuni zuwa 6 ga Agusta 2020. Tsohon katin zaɓe bai ƙara zama shaida ba, takardar haihuwa ma haka. Abin da aka karɓa uku ne: katin Ghana, fasfo, ko mutum biyu masu rajista su tsaya wa mutum, kowannensu kuma ba zai tsaya wa fiye da goma ba.

A nan ne wani tsohon ciwo ya tashi. Kowane mai rajista yana da ikon ƙalubalantar wanda ya zo, bisa zargin cewa ba ɗan ƙasa ba ne, ko bai kai 18 ba, ko ba mazaunin yankin ba ne. Ana cike fom, a ɗauki hoto da yatsun mutumin, amma a riƙe katinsa sai kwamitin bitar rajista na gunduma ya zauna ya yanke hukunci. Mai suna Seidu ko Hamidu ko Ramatu ya san wa aka fi nunawa da yatsa. Wasu da aka riƙe katinsu ba su je zaman kwamitin ba. Wasu da suka ga abin da ya sami maƙwabcinsu ba su shiga layi ba tun farko.

Duk da haka ranar Litinin 7 ga Disamba 2020 fitowa ta hau, a ƙasa zuwa kusan kashi 79, a unguwar ma ta hau sosai. Kowane ɓangare ya ɗauki yabon: masu gangami suka ce gangami ne, masu huɗuba suka ce huɗuba ce. Abubuwa biyu ba su shiga lissafin kowa ba. Rajistar sabuwa ce fil, wata huɗu kacal da yin ta, babu mamaci a ciki sai kaɗan, babu wanda ya daɗe da barin gari. Sannan iyakokin ƙasa na tudu suna rufe tun Maris saboda korona, ba a buɗe su ba sai Maris 2022, don haka fataken da Disamba ke samu a Nijar, Burkina Faso ko Najeriya suna gida.

## 2021 zuwa 2023: littafin gida-gida

Wani malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda ya taɓa aikin shugaban rumfa, shi ya fara jera takardun sakamakon 2012, 2016 da 2020 rumfa-rumfa. Ya nuna wa limamin unguwa lissafi mai sauƙi. A ɗauka, a matsayin misali kawai, rumfa tana da suna 600, mutum 390 suka kaɗa: kashi 65 ke nan. Idan 80 daga cikin sunayen sun rasu ko sun bar ƙasar, waɗanda za su iya zuwa 520 ne, fitowarsu kuma kashi 75. Kafin a ce mutane ba sa son fita, sai an san su wane ne ke cikin rajistar, kuma suna ina.

Daga nan aka kafa ƙaramin kwamiti: liman, malamin, magajiyoyi biyu na ƙungiyoyin mata, shugaban teloli, wani malamin Islamiyya, da mutum ɗaya daga kowane ɓangaren siyasa. Sharaɗi ɗaya aka gindaya, ba a tambayar kowa wa zai zaɓa, ba a shiga gida da rigar jam'iyya. Kayan aiki littafin rubutu ne na 'yan makaranta, shafi ɗaya ga kowane gida, layi ɗaya ga kowane baligi. Tambaya huɗu ce: kana da rajista, a ina ka yi ta, katin yana hannunka, a Disamba kana gari? Mata ne ke shiga wa mata, bayan la'asar, lokacin da aka sauke tukunya.

Shiga gida tana da ladabinta. Yarinyar da ke riƙe da littafi takan durƙusa ta ce, "Inna, sannu da gida. Ba maganar jam'iyya ta kawo mu ba, katinki na zaɓe muke son gani." Tsohuwa takan jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta warware ƙullin leda, a sami katin asibiti, katin Ghana, rasit ɗin haya, da katin zaɓe na 2012 wanda ya daina aiki. "'Yata, ai ga shi nan, ban taɓa yar da shi ba." Irin wannan ba ta san cewa ba ta cikin rajista ba, kuma babu huɗubar da za ta sanar da ita.

Da littattafan suka cika, waɗanda ba sa zuwa rumfa suka rabu gida-gida. Akwai mamata da waɗanda suka tafi Turai, Amurka ko ƙasashen Larabawa. Dokar 2006 da ta ba mazauna waje damar zaɓe ba a fara aiki da ita ba, don haka sunansu na nan yana ja da lissafi ƙasa. Akwai masu kwana a unguwar amma rajistarsu tana Tamale, Yendi, Walewale ko Bawku a arewacin Ghana, waɗanda ba sa zaɓe sai an sami motar da za ta kai su. Akwai akasinsu, kuma su suka fi ba kwamitin mamaki saboda yawansu: rajistarsu tana unguwar, su kuwa sun koma bayan gari, Kenyasi, Abirem ko wajen Ejisu. Dalilin haya ne. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da na wata shida gaba, amma a aikace na shekara biyu ake nema, duk wanda wa'adinsa ya cika bai iya haɗa sabon kuɗi ba sai ya nufi bayan gari. Sai waɗanda ba su da rajista sam, ko don tsoron ƙalubale ko don sun cika 18 bayan 2020. Sai waɗanda katinsu ya ɓata, ko aka raba rumfarsu gida biyu, A da B, suka je ba su ga sunansu ba suka koma. A ƙarshe akwai waɗanda suka ce a fili ba za su yi ba, yawancinsu samari. Suna nan, amma ba su ne mafi yawa ba.

Dama ta farko ta gyara ita ce rajistar 12 ga Satumba zuwa 2 ga Oktoba 2023. An yi ta ne a ofisoshin gundumomi kawai, ba a rumfuna ba. Kwamitin ya sanar a masallaci ya tsaya nan. Matasa suka je ɗaiɗai, suka tarar da layi, ba su zo da masu tsaya musu ba, suka koma. Wanda ya rasa cinikin yini ɗaya bai sake komawa ba. Zaɓen asambuliman na 19 ga Disamba 2023 bai nuna wani bambanci ba. An kuma gano cewa littafin da aka rubuta a 2022 ya riga ya tsufa, domin a gidan haya ɗaki yakan canza hannu cikin shekara.

## Afrilu zuwa Oktoba 2024: bin kalandar hukuma

Bayan ƙaramar Sallah a Afrilu aka sake zagaya gidajen, aka sabunta shafuka. A wannan karon kowane suna an ɗaura shi da ranar da ta shafe shi.

Rajista ta gudana daga 7 zuwa 29 ga Mayu, bayan ƙarin kwana biyu. Maimakon sanarwa, aka riƙa tafiya rukuni-rukuni daga ƙofar masallaci bayan sallar asuba, kowane rukuni da masu tsayawa biyu waɗanda suka san matasan tun suna yara. Malamin yana riƙe da lissafin kowane mai tsayawa, domin wanda ya wuce goma ya jawo wa kansa laifi. An gargaɗi iyaye kada su turo ɗan 16 ko 17, domin shi ne ke buɗe ƙofar ƙalubale ga kowa. Wanda aka ƙalubalanta, dattijon da ya san asalinsa yakan raka shi zaman kwamitin bita da katin Ghana na iyaye, takardun makaranta da duk abin da ke nuna inda aka haife shi. Kwanakin farko na'urori sun yi ta samun matsalar sadarwa, rukunin da ya je a banza aka sake sa masa rana.

Sauya wurin zaɓe ya biyo baya, 30 ga Mayu zuwa 14 ga Yuni. Sharaɗinsa mutum ya yi wata 12 a sabuwar mazaɓa, ya je da kansa ofishin hukuma a tantance yatsansa. Nan aka sami cikas biyu. Kwanakin sun faɗo daidai kasuwar raguna ta babbar Sallah da tashin alhazai, fataken dabbobi ba su da lokacin kowa. Sannan wakilan jam'iyyu a kwamitin suka ja da baya: kowane yana son masu rajistar arewa su dawo da ƙuri'arsu idan yana zaton nasa ne, babu kuma mai son waɗanda suka koma Kenyasi su ɗauke tasu. Liman ya raba gardamar da cewa kowa a gaya masa hanyoyin biyu ya zaɓa. Masu rajistar arewa da dama sun sauya. Mazauna bayan gari kusan duk sun ƙi, suna cewa zango ne gida, a can kuwa ƙuri'arsu ta ɗan majalisa ba za ta canza komai ba.

Baje kolin rajista, 20 zuwa 27 ga Agusta, shi ne matakin da mutane suka fi rainawa. Kwamitin ya zaunar da mutum a kowace rumfa da littafinsa, ana duba suna, hoto da lambar rumfa, ana rubuta wa mutum A ko B a ƙaramar takarda ya haɗa da katinsa. An gyara kurakuran rubutun suna, waɗanda suka yi yawa saboda Muhammad ɗaya yana da rubutu huɗu. Cire mamata bai yi nisa ba: hukuma tana neman shaidar rasuwa, a zango kuwa ana binnewa a ranar, iyalai da yawa ba su taɓa karɓar takarda ba, wasu kuma ba sa son a ce su suka goge sunan mahaifinsu. Da taƙaddama ta tashi tsakanin NDC da hukumar kan ingancin rajistar, aka sake baje ta ta intanet a Oktoba, matasan kwamitin suka duba wa tsofaffi ta waya.

## Asabar, 7 ga Disamba 2024

Makonni biyu kafin ranar, magajiyoyi suka yi amfani da tarukan suna da na biki wajen gwaji da takardar samfuri. A nemi hoto da alama, a dangwala a akwati ɗaya, a goge yatsa kafin a naɗe, a fara naɗewa ta tsawo domin tawada kada ta taɓa gidan wani, a duba bayan takarda ko akwai hatimin rumfa. An jaddada abu ɗaya na wannan shekara: Akua Donkor, mai lamba 3, ta rasu a Oktoba amma hotonta yana kan takarda, duk wanda ya dangwala mata ƙuri'arsa ta lalace. Mahamudu Bawumia na NPP yana lamba 1, Mahama yana lamba 8. An kuma yi ta maimaita cewa wanda katinsa ya ɓata zai iya zaɓe muddin sunansa na rajista kuma na'ura ta gane shi, wanda yatsansa ya goge saboda wanki ko aikin ƙarfe akwai tantancewa ta fuska ko ta fom, wanda kuma ƙarfe 5 ta same shi a layi ba za a kore shi ba.

Asabar ranar ciniki ce. Masu waakye da koko ba za su bar tukunya da safe ba, 'yan Kejetia kuma idan sun fita sai magariba. Aka raba su: 'yan kasuwa su shiga layi daga masallacin asuba, masu abinci su zo tsakanin ƙarfe 11 da azahar, maƙwabciya ta tsare tebur. Tsofaffi, masu juna biyu da masu goyo ba sa bin layi, an tanadi masu pragya biyu marasa tuta su ɗauko wanda ba ya iya tafiya. Dattawa suka zauna a benci nesa kaɗan da kowace rumfa, ba don komai ba sai don uwa ta leƙo ta ga fuskar da ta sani. Mazauna bayan gari an kira su ta waya ranar Alhamis, wasu suka kwana a gidajen 'yan uwa ranar Juma'a.

## Sakamako

A sanarwar 9 ga Disamba, fitowa a ƙasa ta tsaya kusan kashi 61. Mahama ya ci da sama da kashi 56, amma ƙuri'unsa daga miliyan 6.2 a 2020 zuwa kimanin miliyan 6.3 kawai suka motsa a wannan sanarwa, na NPP kuwa suka faɗo daga miliyan 6.7 zuwa kusan 4.7. Abin da ya sami laima a 2016 shi ya sami giwa, bayan hauhawar farashin da ta kai kashi 54 a Disambar 2022.

A unguwar fitowa ba ta kai ta 2020 ba. Amma a karon farko tun 2016 ba ita ce a ƙasan maƙwabtanta ba, ta ɗan wuce su. Ƙuri'un da suka lalace sun ragu a kowace rumfa. Da aka bi littafi suna-suna, sababbin masu rajista da waɗanda suka sauyo daga arewa sun fito kusan duka, tsofaffin da aka rubuta wa lambar rumfa ma haka. Mazauna bayan gari rabi-rabi ne. Samarin da suka ce ba za su yi ba, ba su yi ba. Karkata tana nan wajen laima, duk da cewa NPP ta tsayar da Musulmi ɗan arewa, sai dai adadin shugaban ƙasa da na ɗan majalisa ba su zo daidai ba, alamar akwai masu yin abin da ake kira siket da bulawus, wato zaɓen shugaban ƙasa daga wata jam'iyya, ɗan majalisa daga wata.

## Hukunci

Ba za a jingina wa kwamitin duk abin da ya faru ba. Shekarar 2024 iska tana bayan jam'iyyar da unguwar ke so, kuma mai ganin nasara a gaba ya fi saurin fita. Abin da za a iya dogara da shi kwatanci ne da maƙwabta masu karkata iri ɗaya, waɗanda iskar ta kaɗa musu daidai, kuma a nan ne unguwar ta canza matsayi.

Gangami da huɗuba sun gaza ne domin suna magana da wanda ya riga ya yarda. Mutumin da ke sanye da riga a taro shi ne zai fara shiga layi ko an yi taron ko ba a yi ba. Wanda ba ya rajista, ko rajistarsa tana Yendi, ko bai san an mai da shi rumfar B ba, matsalarsa ta takarda ce, kuma lokacin warware ta Mayu ne, Yuni da Agusta. Zuwa Disamba ƙofofin nan duk sun rufe. Kuɗin mota ya fi su muni, domin ya koya wa matasa jira: idan ambulan bai zo ba, ko jagora ya danne rabi, zama a gida ya zama ramuwa. Hauhawar 2020 kuwa ta ɓatar da kowa, ta sa aka yi asarar shekara biyu.

Cire tambayar jam'iyya daga aikin shi ya buɗe ƙofofin gidaje. Wakilin jam'iyya yana ƙwanƙwasa ɗakin da yake zaton nasa ne, ya tsallake na kusa, ga shi a unguwar da kowa ya san inda ta karkata mai rinjaye yana ganin ya riga ya ci, marar rinjaye yana ganin asarar kuɗi ce, sai duka biyun su rage zuwa. Rakiya kuma ta fi sanarwa aiki saboda abin da ke hana mutane zuwa ofis ba rashin sani ba ne kawai, akwai tsoron a tambaye su asalinsu a gaban jama'a, tsoron da ya girmi yawancinsu. Bambancin Satumbar 2023 da Mayun 2024 ke nan: ofis ɗaya ne, sharuɗɗa ɗaya.

Abu uku sun rage. Sunayen mamata za su ci gaba da taruwa har sai iyalai sun saba karɓar takardar rasuwa. Haya tana ci gaba da tura mutane bayan gari, kowace shekara kuma zumuncin da ke dawo da su ranar zaɓe yana raguwa. Samarin da suka ƙi kuwa ba matsalar takarda gare su ba, tambayarsu kan aiki ce da kwata da fitilun titi, kuma amsarta tana hannun majalisar gunduma, wadda zaɓenta ne unguwar ta fi ƙauracewa. Idan aka bi tazarar shekara huɗu, wannan zaɓe zai zo a 2027, littattafan da ke hannun malamin kuma tun Afrilun 2024 aka sabunta su.